Yadda nake sa injin hazo a ƙaramin ɗakin taro

Duk wanda ya taɓa share ɗaki da hantsi ya ga yadda rana ke shigowa ta taga ta zama sanda guda cikin ƙura. Da ƙurar ta kwanta, sandar ta ɓace, alhali ranar tana nan. Aikin injin hazo ke nan: ya watsa ƙananan ɗigo a iska, hasken fitila ya samu abin da zai bugi, ido ya ga hanyarsa tun daga bakin fitila har ƙasa. Na jima ina haɗa fitilu a wuraren dina da ƙananan dandamali a Kano, kuma abin da na fi gyara wa yaran da ke koyon aiki a wurina shi ne yawan hazon da suke saki. In baƙi suka fara cewa "hayaƙi", to an zarce.

Da farko ka san abin da ka saya ko ka ɗauko haya, domin a kasuwa duka "injin hayaƙi" ake ce musu. Akwai mai feso farin hayaƙi mai kauri lokaci guda, ya turnuƙe wuri na ɗan lokaci ya watse. Akwai mai shimfiɗa hayaƙi a ƙasa kamar gajimare, wanda ake sa wa ango da amarya in sun fito fili. Wasu na aiki da busasshiyar ƙanƙara, wato iskar kabon dayoksaid da aka daskarar, wadda sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifiri, kada a taɓa ta da hannu tsirara. Na hazo daban ne, a hankali yake fitarwa, siriri, ya daɗe a iska. Shi ma iri biyu ne. Mai aiki da mai, irin DF-50, hazonsa ya fi daɗewa, amma yana da ƙara kuma yana barin maiƙo a gilashin fitilu. Mai aiki da ruwan gilisirin ko gilaikol, irin waɗanda kamfanonin Antari da Chauvet ke yi, shi nake ba mai ƙaramin wuri shawara ya nema.

Kafin ranar taro nakan je in ɗaga kai in dubi silin. In akwai na'urar gano hayaƙi, musamman mai aiki da haske, hazo zai iya tayar da ita. Mai jin zafi kaɗai ba ruwanta da shi. Ka yi magana da manajan wurin, ku gwada tare tun ba kowa. Kada ka ɗaure mata leda a ɓoye, rayukan mutane ne a ɗakin. In ya ce a'a, bar injin a mota. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai wuta. Injin hazo mai aiki da ruwan gilisirin ko gilaikol yana da abin dumamawa a ciki, wasu na jan wat 500, wasu har 1,500. Na taɓa jona shi a soket ɗaya da kayan sauti, ana cikin gabatar da uwar amarya janareto ya yi tari, lasifika ta ɗauke. Tun ranar nake ja masa wayarsa shi kaɗai.

Inda za a ajiye shi ne ya fi cin lokacina. Bayan dandamali ko gefensa, a ƙasa, bakinsa ba ya kallon jama'a, ba ya kallon labule. Ina kafa masa ƙaramar fanka a gaba ina ɗaga kanta sama kaɗan, ta tarwatsa hazon kafin ya dunƙule. Sannan in kunna esi da fankokin sama daidai yadda za su kasance lokacin taro, in tsaya in ga inda iska ke tafiya. Kowane ɗaki da halinsa. Wani zai kwashe hazon ya tara shi a kusurwar masu abinci, wani kuma ƙofar shiga ce ke zuƙe shi duk sanda aka buɗe ta. Injin nake kaiwa inda iskar ke tasowa, ita ta yi mini dako. Na kuma lura da hunturu, iska a bushe, hazon ruwa ba ya jimawa kamar da damina, sai na ɗan ƙara.

Ina kunna shi kamar minti ashirin ko talatin kafin a buɗe ƙofa, ya cika ɗakin, sannan in rage shi ƙasa sosai ya riƙa ciko. In kana da teburin sarrafa fitilu na DMX, wato tsarin aika wa fitilu da injina umarni daga nesa, yawancin injinan layi biyu suke ci, ɗaya na yawan hazo, ɗaya na ƙarfin fanka, kana zaune kake juya su. Awona ba wuya: in koma kujerar ƙarshe. In ina ganin sandunan haske kuma ina ganin fuskar wanda ke kan dandamali tar, ya isa.

Fitilun fa? Hazo ya fi nuna hasken da ke tahowa wajen mai kallo. Don haka fitilun baya da na gefe, daga sama, su ne ke fitowa da kyau. Ko fitilu huɗu masu siririn baki ka jera a baya, biyu dama biyu hagu, suna gicciye juna, ƙaramin wuri zai yi zurfi. Fitilar gaba mai faɗi kuwa in ta yi ƙarfi sai ta mai da iskar fara fat, sandunan su dushe. Rage ta, ka ɗaga ta sama ta sauka kan fuska kawai. Baƙin labule a baya ya fi farin ado nesa ba kusa ba, ko da yake masu ado ba sa son jin haka. In akwai leza, ta wuce saman kawunan mutane, kada ta shiga ido ko kyamara.

Ka shirya da mai hoto tun da wuri. Filasha na dawowa daga hazo ta wanke hoton, kwalliyar da amarya ta yini ana yi mata ta fito kamar an yafa mata farin gyale. Ni nakan kashe injin minti goma kafin yanka kek da hotunan dangi. Haka nan nakan tambayi masu taro ko akwai mai asma, in matsar da kujerarsa nesa da injin, kusa da ƙofa.

Ruwan da kamfanin ya ce a zuba, shi za ka zuba. An auna zafin injin ne da irin ruwansa, in aka sauya, gilisirin zai iya ƙonewa ya fitar da abin da ke sa tari da yajin ido, ko bututu ya toshe. Wata hajiya ta taɓa miƙo mini kwalbar humra ta ce in ɗiga a tanki ɗaki ya yi ƙamshi. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, a kawo kasko." Aka sa turaren wuta a bakin ƙofa, shi ma hayaƙinsa ya ɗan taya ni aiki.

In an tashi, bar injin ya gama huce kansa kafin ka zare waya, ka rufe tanki sosai kada ya zube a but, washegari ka goge gilashin fitilu da tsumma mai laushi.