Sa ɗalibi ya ɗanɗana zaman mai ciwon sukari: inda muke kuskure

Ɗaliban harhaɗa magunguna da ke zuwa koyon aiki a kantinmu a Garwa ta ƙasar Kamaru, mukan sa su yi zaman mai ciwon sukari: su huda yatsa su auna sukarin jini, su yi allurar ruwan gishirin asibiti a madadin insulin (maganin allura mai sauke sukarin jini), su rubuta duk abin da ya shiga bakinsu. Dabarar tana da kyau, mu masu koyarwa ne ke ɓata ta.

Babban kuskurenmu shi ne gama komai a yini ɗaya cikin aji. A ba su mako guda, su tafi da abin gida. Sai ranar da yatsu suka yi tsami, aka dire wa ɗalibi kunun gyaɗa mai zaƙi, gwaggo na cewa "ɗan nan, abincina ka raina?", sannan zai gane abin da dattijo mai ciwon sukari ke fama da shi kullum. Takardar abincin ma ta zama ta nan: tuwon dawa, shinkafa, fura, shayi. Wadda aka kwafo daga Faransa ba ta san tukunyarmu ba.

Muna kuma mantawa da zafi, wannan kuwa yana damuna ƙwarai. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ga Afrilun Garwa na haura 40, ga wuta na ɗaukewa. A danƙa wa ɗalibi kwalba ya adana ba firji. Ya ƙulle ta a leda, ya sa a tulu mai jiƙaƙƙen yashi, ya riƙa yayyafa ruwa, ya ji irin wahalar.

Abu biyu ba sassauci: ba a ba mai lafiya insulin na gaske, kuma kowa da tsinkensa na huda yatsa, saboda ciwon hanta nau'in B.

A ranar ƙarshe kada a tsaya ga tambayar "yaya kuka ji?" A tsayar da ɗalibi bayan kanta, wani ya shigo a matsayin tsoho, awon sukarinsa na safe ya nuna giram 2.5 a lita, wato ya hau sosai. In ɗalibin ya ce "ba ka kiyaye doka", a sake daga farko, har sai bakinsa ya iya cewa: "Sannu Baba, zauna tukuna. Maganin ne ya ƙare, ko kuɗin ne bai samu ba?"