Yadda ake ɗaukar dokin jeji na mustang a Amurka

To jama'a, wannan bayanin na 'yan uwa mazauna Amurka ne masu sha'awar doki, don da yawa ba su san gwamnati na ba da dawakan jeji riƙo ba, kuma kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Tun 1971 aka yi dokar da ta hana kashe su ko kama su barkatai, aka damƙa kula da yawancinsu a hannun hukumar BLM mai kula da filayen gwamnatin tarayya. Hukumar ta ce filayen yamma za su iya ɗaukar wajen 27,000 ne, dawaki da jakuna, amma a 2024 sun haura 70,000, Nevada ce ke da kaso mafi tsoka. Rigimar a hunturu take fitowa fili, lokacin da barewar nan mai kunnuwa kamar na alfadari ke gangarowa daga duwatsu don tsere wa ƙanƙara, wasu a Wyoming sai sun yi tafiyar mil 150 kafin su iso Red Desert, su tarar dawaki sun riga sun tattake wurin tun rani, ga shanun makiyaya su ma da rabonsu. Shi ya sa ake kora su da jirgi mai saukar ungulu a tara a garke. Masu kare dabbobi dai na ta ƙorafi kan wannan kora, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Kafin ka fara zaɓen launi, fara da garke tukun, nan ne mutane ke faɗuwa. Kowane doki ana so ya samu ƙafa 20 tsawo 20 faɗi a ƙalla, shingen ya kai ƙafa 6 in babba ne da ba a horar ba, ƙafa 5 in dukushi ne ko wanda ya saba da mutane. Bututun ƙarfe ko katako mai kauri, waya mai ƙaya kam a manta da ita, dokin da ya firgita kansa zai yi ya tsaga ƙirjinsa. A yi masa rumfa, ruwa kuma kar ya yanke. Maganar turke ma ba ta taso ba, wannan bai taɓa jin igiya a ƙafarsa ba.

Sai takardu. Ka kai shekara 18, ba a taɓa kama ka da laifin zaluntar dabba ba, ka cike fom ɗin BLM har da zanen garkenka. In sun amince sai ka duba Online Corral a intanet inda ake gwanjo, ko ka je da ƙafarka garken BLM na Palomino Valley kusa da Reno a Nevada. In kai sabon shiga ne wallahi nemi wanda fursunoni suka horar, akwai a Carson City ta Nevada da Riverton ta Wyoming, amma gwanjo kan ɗaga kuɗinsa sosai. Ranar ɗauka ka zo da tirelar dabbobi mai rufi da ƙofar baya mai buɗewa gefe.

Da ya iso gida kar ka yi gaggawa. Busasshiyar ciyawa kawai da ruwa da gishirin lasa, hatsi da yawa a farko ciwon ciki zai sa masa. Ka dinga zama a gefen garke kana 'yan maganganu a hankali, za ka ga ya maƙale a lungu yana huci, kunne ɗaya na juyowa wajenka, ranar da ya miƙo wuya ya shinshina hannunka to an fara ciniki. Ragama ta biyo baya, sirdi da linzami kuwa sai can gaba.

Shekarar farko dokin na gwamnati ne har yanzu, ba sayarwa, ba fita da shi daga ƙasar, kuma za su iya zuwa dubawa. Farar shaidar da ke gefen hagu na wuyansa ita ce lambarsa. In shekara ta cika likitan dabbobi ya sa hannu cewa yana cikin ƙoshin lafiya, sai BLM ta aiko maka takardar mallaka.