Darasi na Tara: Shirin Kai Iyali Hutu Birnin Bakin Teku

Ɗauko takarda da biro. A darussan baya mun koyi karanta agogo da kalanda, mun koyi tarawa da rabawa. Yau za mu sa su aiki. Wani maigida da uwargidansa sun ɗaura niyyar kai iyali hutu wani babban birni da ke bakin teku. Su shida ne: su biyu, da yara uku, da kakar yaran. Autan shekararsa huɗu.

A saman takardar, rubuta sunan kowane mai tafiya da shekarunsa. Da wannan ake farawa, domin tafiyar iyali da ƙafar mafi rauni ake auna ta. Maigida zai iya yini yana yawo a rana. Kaka ba za ta iya ba, auta ma haka. In aka shirya wurare biyar a yini ɗaya, kafin a kai na uku an goya wani, wata kuma tana neman wurin zama. Wuri ɗaya da safe, hutu da rana, wuri ɗaya da yamma, ya wadatar.

Sai kalanda. Kowane birni da lokacinsa. A Mumbai ta Indiya, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ake yi daga Yuni zuwa Satumba. A Sidni ta Ostareliya kuwa, Yuni da Yuli watannin sanyi ne, Disamba ne lokacin zafi. Saboda haka a tambayi wanda ya san birnin, ko a sa yaro ya duba a waya: wane wata ne damina, wane ne zafi ya fi tsanani? A kuma sani cewa lokacin hutun makarantu da bukukuwa masauki yana tsada, yana wuyar samu. Wanda ya kama ɗaki da wuri ya huta.

Lissafin kuɗi

Duk abin da aka tara, a raba shi kashi 10. Ga misali: kashi 3 na zuwa da dawowa, 3 na masauki, 2 na abinci, 1 na zirga-zirga cikin gari da kuɗin shiga wuraren kallo. Tara su. Tara ke nan, saura ɗaya. Wannan ɗayan ba a taɓa shi. Na rashin lafiya ne, ko ɓacin mota, ko ƙarin kwana da ba a shirya ba. Rabon naku zai iya bambanta da wannan, gwargwadon nisan hanya, amma kashin ajiya kada ya fita daga lissafi. Kuɗin dawowa ma a ware shi daban, a hannun wanda ya fi iya riƙo. A gidaje da yawa an san ko wace ce.

Masauki da kwana ake biyansa. In kun isa Litinin za ku tashi Juma'a, ƙirga da yatsa: Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Kwana 4. In ɗaki biyu kuka kama, kuɗin ɗaki ɗaya sau 8 za ku biya. Yawancin otal-otal suna son a bar ɗaki kafin tsakar rana, wanda ya wuce lokaci ana iya cajinsa ƙari. A tambaya tun ranar shiga.

Maigida ya samo wani masauki mai araha, ya zo yana murna.

"Uwargida, kin ga wannan, rabin kuɗin wancan ne. Kilomita goma sha biyu kacal zuwa bakin ruwa."

"To Maigida, ka tambaye su minti nawa ne a mota da safe?"

Bai tambaya ba. Ita ce da gaskiya. Teku ya tare wa irin waɗannan birane gefe guda, wasunsu ma a kan tsibirai suke, sai ka ga dubban motoci sun taru a bakin gada ɗaya. Tafiyar da ta yi kama da ta minti ashirin sai ta ci awa biyu, ga yara a baya suna kukan ƙishi. Abin da aka rage a kuɗin ɗaki ya tafi a kuɗin tasi. Baƙo ko da ido makaho ne, don haka a yi tambaya da minti, a bar kilomita.

In tafiyar ƙetare ce, kowa da fasfonsa, har auta. Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya rage aƙalla wata 6 kafin ya ƙare aiki. A bincika batun biza da katin rigakafi tun da sauran lokaci.

Halin teku

Nan za mu daɗe, don nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa.

Wanda ya iya iyo a kogi ko tafki kada ya ɗauka ya san teku. Teku yana cika yana janyewa. A yawancin gaɓoɓin duniya sau biyu yake cika a yini da dare, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25. Wata ne ke janyo ruwan, rana tana taya shi, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika goma sha huɗu. Kullum kuma lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. In yau ya cika da ƙarfe 9:00 na safe, gobe sai wajen 9:50.

Ga yadda abin yake a ido. An shimfiɗa zane a kan busasshen yashi, an ajiye jaka da takalman yara, ruwa yana can nesa. An zauna hira. Bayan awa ɗaya sai igiya guda ta taho a hankali, ta lashi bakin zanen, ta koma da takalmin auta ƙafa ɗaya. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne mutum ya taka zuwa wani dutse ko tudun yashi lokacin da ruwa ya janye, ya juyo ya tarar hanyar komawa ta nutse. Kafin ku zauna, dubi yashi. Akwai layin da ruwa ya bar ciyayi da tarkace a cikarsa ta baya. A zauna sama da wannan layi.

Akwai kuma wata hanyar ruwa mai ja zuwa ciki. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, sai ya haɗu a wani siririn wuri ya koma da gudu. Mugun abin shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: igiya ba ta fashewa a nan, ruwan ya fi duhu, ya yi luf. Uwa sai ta ce wa yara, "Ku shiga ta can, ya fi kwanciya." Nan ne bai kamata a shiga ba. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutane. Ya kwanta a kan ruwa, ya ɗaga hannu a gan shi. In ya iya iyo, ya yi gefe, ya bi tsawon gaɓar har ya fita daga jan. Na kan tudu kuma ya kira masu ceto, ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa, kada ya faɗa a zama biyu.

Ku zaɓi bakin tekun da ke da masu ceto, ku karanta allon da aka kafa. Ga amfanin karatu. Jar tuta haɗari ce, ba a shiga. A ƙasashe da dama, tutoci biyu masu ja da rawaya suna nuna wurin da masu ceto ke sa ido, tsakaninsu ake wanka. In za a hau kwalekwale, kowa ya sa rigar ceto, ko da matuƙin ya ce ba komai.

Yaro ba ya ihu in yana nutsewa. Shiru abin yake faruwa, cikin ɗan lokaci. Kuma inda manya suka yi yawa, kowa yana zaton wani ne ke kallo. Saboda haka a ambaci suna: "Maigida, kai ke kallonsu yanzu, in ka gaji ka faɗa mini." Mai kallo ya ajiye waya. Ƙaramin yaro kada ya wuce inda hannu zai kai gare shi.

Ruwan teku ba ya shayuwa, a kowace lita akwai gishiri kusan giram 35, ƙishi yake ƙarawa. A tafi da ruwan sha mai yawa. Iskar bakin teku tana da yaudara, jiki yana jin sanyi alhali rana tana cin fata, musamman daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. A nemi inuwa, a sa wa yara hula.

Saura cunkoson jama'a. Kowace safiya a ɗauki yaran hoto da kayan da ke jikinsu. A rubuta sunan masauki da lambar waya a 'yar takarda, a sa a aljihun kowane yaro, da na kaka. Da an isa wuri a nuna musu abu ɗaya dogo da ake hangowa daga nesa, a ce wanda ya ɓace ya tsaya nan.

Aiki

Rubuta 'yar takardar aljihu da hannunka, da manyan baƙaƙe, yadda baƙo zai iya karantawa. Ba na kusa da kai ya karanta da ƙarfi.

Sannan lissafa wannan: iyalin sun isa Laraba, za su tashi Lahadi, ɗaki biyu suka kama. Kuɗin ɗaki sau nawa za su biya? In kuma teku ya cika da ƙarfe 8:00 na safiyar Alhamis, wajen ƙarfe nawa zai cika da safiyar Asabar?