Yadda za ka zaɓi kwale-kwalen alminiyam na kamun kifi a Legas

Idan kana shakka tsakanin mai tsawon ƙafa 14 da mai tsawon ƙafa 16, fara duba ruwan da za ka jefa koma a cikinsa. A mashigan Epe ko Badagry, inda kainuwa kan toshe hanya, ƙaramin ya fi sauƙin juyawa, kuma ba ya shan mai sosai. Amma a tsakiyar tafkin Legas, inda jiragen fasinjan Ikorodu ke tayar da igiyar ruwa, ni dai babban zan ɗauka, domin faɗinsa yana rage tangal-tangal.

Kafin ka biya, lissafa nauyin inji da fetur da ƙanƙara da kifi, sannan ka shafa kusoshin ƙasan jirgin da hannunka, ka tabbata babu wadda ta saki.