Yadda ake shirya ziyarar gani da ido zuwa Abuja kafin a kwashe kaya a koma

Duk wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja, ko ya samu sabon aiki a can, ko kuma yake son mayar da kasuwancinsa birnin, ya kamata ya ware 'yan kwanaki ya zo shi kaɗai kafin ya ɗauko iyali da kaya. Abujar da ake nunawa a talabijin, mai faffaɗan tituna da Masallacin Ƙasa da Dutsen Aso, ba ita ce Abujar da yawancin ma'aikata ke kwana a cikinta ba. Tun da aka dawo da hedikwatar ƙasa daga Legas ranar 12 ga Disamban 1991 jama'a ke ta kwararowa, har unguwannin da aka fara ginawa, wato Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, suka fi ƙarfin aljihun mai matsakaicin albashi. Mutane da yawa a cikin gari suke aiki, amma a Kubwa ko Lugbe ko Nyanya ko Karu suke kwana, wasu ma a wajen Babban Birnin Tarayya baki ɗaya, kamar Mararraba da Masaka a jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla a jihar Neja. Saboda haka manufar ziyarar ɗaya ce tak: ka gwada irin yinin da za ka riƙa yi kullum, daga ƙofar gidan da za ka iya biya zuwa ƙofar wurin aikinka.

Mataki na farko shi ne zaɓen lokaci. Ka shigo ranar Lahadi da yamma, ka yi kwana uku ko huɗu na ranakun aiki, domin a ranar Litinin da safe ake sanin ainihin halin titunan birnin. Kada ka sa ziyarar a makon Sallah ko na Kirsimeti, lokacin da jama'a ke tafiya garuruwansu, tituna su zama wayam, baƙo ya yi wa rogo kallon kitse. Idan kana da zaɓi, ni damina nake ba da shawara, musamman tsakanin Yuli da Satumba, saboda a lokacin ne hanyar unguwa da magudanar ruwa da rufin gida ke nuna gaskiyarsu. Wanda ya taso daga Jos kuma yana da kyau ya sani cewa zafin watan Maris a Abuja ba irin wanda ya saba ba ne, kuma wannan zai shafi irin ɗakin da zai nema da kuɗin wutar da zai riƙa kashewa.

Bayan lokaci sai unguwa. Tun kana gida ka buɗe taswira a wayarka, ka sa alama a wurin aikinka, sannan ka duba ta wace babbar hanya ake isa wurin. Manyan hanyoyi uku ne ke ɗebo ma'aikata zuwa cikin gari: hanyar Keffi da ta ratsa Mararraba da Nyanya ta faɗa mahaɗar AYA da ke Asokoro, hanyar Kubwa da ta taso daga Zuba ta bi ta Dei-Dei da gefen Gwarimpa, da kuma hanyar filin jirgin sama da ta bi ta Lugbe. Wanda ya zo daga Jos ta Akwanga da Keffi ta farko zai shigo, wanda ya zo daga Kano ko Kaduna a mota kuma ta Zuba, na jirgin ƙasa daga Rigasa kuwa yana iya sauka a Kubwa ko Idu. Ka zaɓi unguwanni biyu, iyaka uku, waɗanda ke ɓangare ɗaya da wurin aikinka. Mai aiki a Jabi ko Utako da ya kama gida a Masaka don arha, abin da ya rage a kuɗin haya zai mayar da shi a kuɗin mota, ya ɗora da barcinsa.

Sai maganar masauki, kuma a nan ne mutane da yawa ke ɓata ziyararsu ba tare da sun sani ba. Al'adarmu ce baƙo ya sauka a gidan ɗan'uwa, kuma babu laifi ka je ka gaida kawu ko yaya da ke zaune a Maitama ko Wuse 2, amma idan a can ka kwana, direbansa ya kai ka ko'ina, za ka koma gida ba ka ga komai ba. Ka nemi ƙaramin otal ko ɗakin aboki a cikin unguwar da kake tunanin zama, ko da dare biyu ne.

Daga wannan masauki za ka yi babban gwajin. Ka fito bayan sallar asuba kamar mai zuwa aiki, ka tsaya a bakin titi inda kowa ke tsayawa, ka duba agogo lokacin da ka shiga mota da lokacin da ka sauka, ka rubuta abin da ka biya a kowane zango. A hanyar Nyanya, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ranar Lahadi tana iya cin awa biyu a safiyar Litinin, kuma da yamma labarin ɗaya ne, sai dai cunkoson ya juya zuwa wajen gari. Don haka dole ne ka maimaita gwajin a lokacin tashi daga aiki, ka tsaya a wuraren shiga mota na cikin gari irin su Berger ko Area 1 ko Sakatariyar Tarayya ka ga yadda ake kokawar shiga mota. Ka lura cewa tun 2006 aka hana acaɓa aiki a tsakiyar birnin, Keke Napep ma an taƙaita masa wuraren da zai bi, don haka mai ƙaramin ƙarfi ya dogara ne da tasi na haɗaka da manyan bas, yayin da Bolt, wato tasin da ake kira ta manhajar waya, ke nan ga wanda aljihunsa zai ɗauka. Ka shiga mota a tasha ko inda ake lodi a bainar jama'a, kada ka tare motar da ba ta da fentin tasi a wurin da ba kowa, musamman da dare, saboda 'yan wan-cans masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi ba tatsuniya ba ce a Abuja. Abin da ka kashe a rana ɗaya ka ninka shi da ranakun aikin wata, ka ajiye lissafin kusa da kuɗin haya, domin tare ake auna su.

Rana ta biyu da ta uku na duba gidaje ne. Yawanci ta hannun ejan, wato dillalin gidaje, ake samun gida, kuma da yawansu kan karɓi kuɗin zuwa dubawa tun kafin a nuna maka komai. Kada ka tsaya a kan kuɗin hayar da aka faɗa maka, ka nemi a rubuta maka jimlar abin da za ka biya kafin a ba ka makulli: hayar shekara guda a dunƙule (wasu masu gidaje ma ta shekara biyu suke nema), la'adar ejan wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce, kuɗin lauya, kuɗin ajiya na ɓarna, da kuɗin hidima na shekara idan gidan a cikin rukunin gidaje yake.

A cikin gidan ka buɗe famfo da hannunka. Ruwan gwamnati da ake tacewa a madatsar Usuma bai kai kowace unguwa ba, kuma idan da sassafe ka ga 'yan ga-ruwa na tura kura cike da jarkoki suna shiga layin, ka san cewa sayen ruwa zai shiga kasafinka, sai fa in gidan na da rijiyar burtsatse. Ka duba ko ɗakin na da mitar kati ta kansa ko haɗaka ake yi da maƙwabta, ka kuma tambayi rukunin biyan kuɗin wuta da AEDC, kamfanin rarraba lantarki na Abuja, ya sa layin, tun da daga Afrilun 2024 masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, kuɗin wutarsu ya ninka na sauran. Sannan ka zagaya bayan gida ka kalli katanga daga ƙasa. Idan ka ga wani layi mai ruwan ƙasa ya bi ta a miƙe daidai gwiwa, ko an yi sabon fenti daga nan zuwa ƙasa kawai, alama ce ta inda ruwa ya taɓa kaiwa. Wasu sassan Lokogoma da Lugbe sun sha fama da ambaliya, kuma ejan ba zai fara kawo maka wannan magana ba.

Wanda zai faɗa maka gaskiya shi ne mai shago ko mai shayi ko maigadin layin, kuma da wuya ka shiga unguwa a Abuja ba ka samu mai jin Hausa a cikinsu ba. Ka sayi wani abu, ku gaisa sosai, sannan ka ce, “Malam, ni baƙo ne, gida nake nema a layin nan. Yaya wuta da ruwa, kuma ƙarfe nawa kuke rufe shago?” Amsar tambayar ƙarshe ita ce ma'aunin tsaron wurin. Wasu unguwannin gefen gari, musamman a yankin Bwari, sun yi fama da masu garkuwa da mutane a farkon 2024, don haka ka tambaya ko akwai 'yan sintiri da nawa kowane gida ke bayarwa. Ka kuma tambaya ko jami'an kula da tsarin gine-gine sun taɓa zuwa sun sa jan fenti a wurin, domin rusau abu ne da aka saba gani a birnin, kuma gidan da arharsa ta yi yawa sau da dama a filin da ba takarda yake.

Mai iyali ya ware rabin yini ya leƙa makarantar boko da Islamiyyar da ke kusa, ya karɓo takardar kuɗin zango, ya kuma san asibitin gwamnati mafi kusa, tun da Kubwa da Nyanya da Gwarimpa duk suna da babban asibiti, Gwagwalada kuma tana da asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja. Ka shiga kasuwar unguwa da jerin cefanen da uwargida ta rubuta maka, ka tambayi farashin mudun shinkafa da kwanon tumatir da kilon nama, domin abin da ake sayarwa a kasuwar Wuse ba farashinsa ɗaya da na Dutse ko Karmo ko Mararraba ba.

Ko da gida ya kwanta maka, kada ka biya kuɗi a wannan zuwan saboda an ce maka wani na nan tafe da kuɗi a hannu. Ka nemi ganin mai gidan ko lauyansa ido da ido, ka tabbatar daga bakin wani ɗan haya cewa shi ne mai gidan, ka ɗauki hoton yarjejeniyar ka tafi da ita ka karanta a natse. Idan kun daidaita, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke cikin yarjejeniyar, a ba ka rasit, kuma a rubuta ranar da hayar za ta fara aiki ta zo daidai da ranar da motar kayanka za ta iso.