Yadda Ake Gano Matsalar Tsohuwar Hita Mai Aiki da Dizal a Jirgin Ruwa, a Kuma Kunna Ta Lafiya

A ƙasashen da sanyi ke yin tsanani, irin su Norway, Finland, Jamus, Birtaniya da Kanada, da wuya a sami ƙaramin jirgin ruwa mai ɗakin kwana wanda ba shi da abin ɗumama ɗaki, ko na masunta ne, ko na masu yawon shaƙatawa, ko kuwa dogayen jiragen nan marasa faɗi da mutane suka mayar gidajen zama a magudanan ruwan Ingila. Galibi hita mai ƙona man dizal ake sa musu, domin shi ne man da injin jirgin ke sha. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai siffar murhu, wadda mai ke ɗiga cikin kaskonta yana ci, hayaƙi ya fita ta bututun da ya huda rufi, kamar waɗanda Refleks na Denmark da Dickinson na Kanada ke ƙerawa. Akwai kuma mai fanka, wadda ake ɓoyewa a wani lungu na jirgi tana hura iska mai ɗumi cikin ɗakuna, irin ta Eberspächer da Webasto na Jamus, da Wallas na Finland. Ta biyun ita ce ta fi wahalar da masu jirgi idan ta tsufa.

Kafin a ɗauki sukudireba, wajibi ne a san cewa iska biyu ce ke ratsa wannan na'ura, kuma bai halatta su haɗu ba. Ta farko tana shiga inda wuta ke ci, ta gauraya da mai, ta fita ta salansa zuwa wajen jirgi a matsayin hayaƙi. Ta biyu tana bi ta bayan gangar ƙarfen da wutar ke ciki, ta ɗauki zafinta kawai, ta shiga ɗaki inda mutane za su shaƙe ta. Abin da ya raba su bai wuce kaurin gangar nan ba, da gaskit ɗinta, da mahaɗan bututun salansa. Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba mutum ya gaji tsohuwar hita ya fara da neman dalilin da ya sa ba ta kamawa. Hitar da ta ƙi kamawa sanyi kawai za ta bar mutum da shi, amma wadda ke ci sumul alhali salansarta na yoyo tana iya kashe duk wanda ya kwana a jirgin.

Hakan ya faru a watan Disamba na 2019 a birnin York na Ingila, inda aka tarar da gawar mutum biyu a cikin wani jirgin shaƙatawa mai suna Diversion da ke ɗaure a bakin kogin Ouse. Binciken MAIB, hukumar da ke bincikar haɗurran jiragen ruwa a Birtaniya, ya nuna cewa iskar kabon monoksaid ce ta kashe su, kuma daga salansar hitar dizal ta fito. Tukunyar rage ƙarar da aka sa wa salansar irin ta mota ce, ba a yi ta don jirgin ruwa ba, sannan babu na'urar gargaɗi a cikin jirgin. Ita tukunya irin ta mota ba a toshe ta ruf ba, domin a ƙarƙashin mota take zama, inda duk abin da ya tsiyaya iska ke kwashe shi. Idan aka sa ta cikin rufaffen lungu na jirgi kuwa, hayaƙin da ya tsere ba shi da mafita sai ɗakin kwana. Gubar ita ce dai wadda ke hallaka iyalai a garuruwanmu idan aka kwana da janareta a cikin gida: ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar oksijin sau fiye da 200.

Saboda haka aikin farko shi ne a bi salansa da ido da hannu, hita tana kashe kuma ta huce, tun daga gindinta har inda ta huda jikin jirgi. A kwance rigar hana zafi da aka naɗe ta da ita, domin tsatsa da tsaga a ƙarƙashinta suke ɓuya. Duk wurin da aka ga baƙin toka a bakin mahaɗa ko a jikin katakon da ke kusa, to hayaƙi na fita ta nan. A tabbatar bututun na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, faɗinsa ya yi daidai da bakin hita da na tukunyar rage ƙara, ba an cusa ƙarami cikin babba an matse da kilif ba. Kusa da mafita kuma ya kamata bututun ya yi sama sannan ya lanƙwaso ƙasa, don kada igiyar ruwa ta kwararo cikin hita. A duba inda hita ke zuƙar iskar da take hurawa cikin ɗaki: kada ta zuƙa daga ɗakin inji, kada kuma ta zuƙa daga kusa da bakin salansa. Dangane da gangar kanta, littattafan Eberspächer da na Webasto sun ce a canza ta bayan shekara 10 da fara aiki. Mutane da yawa ba sa bin wannan, amma wanda ya sayi jirgi da hitar da ba a san shekarunta ba, ya dace ya kai ta wurin gwani a buɗe a duba.

Abu na biyu, tun kafin gwajin farko, shi ne na'urar gargaɗin kabon monoksaid. A nemi mai ɗauke da lambar EN 50291-2, wadda aka yi domin jiragen ruwa da motocin kwana, tana jure danshi da girgiza. A magudanan ruwan Birtaniya da ke ƙarƙashin tsarin duba lafiyar jirage na Boat Safety Scheme, sanya ta ya zama dole tun daga watan Afrilu na 2019. A kafa ta a ɗakin kwana daidai inda kan mai barci yake, a riƙa danna maɓallin gwajinta, a kuma duba ranar ƙarewar aikinta da ke rubuce a jikinta. Idan ta yi kuka, ko wani ya ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, a kashe hita, kowa ya fita sarari, a bar ƙofofi a buɗe, a nemi likita ko da an ji sauƙi.

Bayan wannan ne za a shiga neman abin da ya hana ta kamawa, kuma kunne ya fi kowane kayan aiki amfani a nan. Lafiyayyar hita idan aka kunna ta, fanka ce ke fara juyawa a hankali, fulogin zafi, wato ɗan sandan da lantarki ke zafafawa don ya kunna mai, ya yi ja, sannan a ji famfon mai yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, daga nan a ji rurin wuta, ƙwanƙwasar ta ƙara sauri. Inda wannan jerin ya yanke, nan matsalar take.

Idan an kunna ba a ji komai ba, a duba fis da mahaɗan waya. Idan kuwa fanka ta tashi sannan ta mutu kafin famfo ya fara, ko jim kaɗan bayan ya fara, to a zargi lantarki kafin komai. Fulogin zafi yana jan wuta mai yawa a mintunan farko, kusan amfiya 10 a na'urorin baya-bayan nan masu volt 12, a tsofaffin ma har ya kusa ninka haka, kuma ƙwaƙwalwar hita, wato akwatin lantarkin da ke sarrafa ta, tana kashe ta idan ƙarfin lantarki ya sauka zuwa wajen volt 10.5. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna batir a kan tashoshinsa, a ga 12.6, a ce lafiya lau. Awon da ke faɗin gaskiya shi ne wanda aka yi a mahaɗar wayar da ke jikin hita, a daidai lokacin da fulogi ke ja. Doguwar waya siririya, da gidan fis da gishirin teku ya mayar kore, suna iya cinye volt ɗaya ko fiye a hanya. Gwaji mai sauƙi shi ne a tayar da injin jirgi sannan a kunna hita. Idan ta kama a haka amma ta ƙi kamawa inji na kashe, an gano bakin zaren, kuma babu dalilin sayen sabuwar ƙwaƙwalwa mai tsada.

Idan famfo yana ƙwanƙwasawa amma wuta ba ta kama ba, kuma babu hayaƙi a bakin salansa, to mai ne bai iso ba. Tiyon man hita siriri ne ƙwarai, raminsa bai wuce milimita 2 ba, kuma famfon ɗigo kaɗan yake turawa a kowane bugu, har ma hita irin Airtronic D2 ta Eberspächer mai ƙarfin kilowat 2.2 ba ta shan kashi ɗaya cikin uku na lita a awa ɗaya. Don haka 'yar kumfar iska ta isa ta kashe wutar. A fara da tanki: bututun da hita ke zuƙa da shi yawanci ba ya kaiwa ƙasan tanki, an yi haka ne da gangan don kada hita ta shanye man inji, saboda haka tana iya rasa mai alhali inji na da sauran abin sha. Sai a bi tiyo, a tabbatar a kowace mahaɗa bakunan biyu sun taɓa juna a cikin robar da ta haɗa su, domin duk ratar da aka bari nan iska ke taruwa. Famfon kuma a kishingiɗe ake ɗaura shi, bakin fitarsa yana kallon sama kaɗan, kuma akwai 'yar matata a bakin shigarsa wadda mutane da dama ba su ma san da ita ba. Idan aka ciro ta aka ga baƙar yauƙi, to ruwa ya taru a ƙasan tanki har ƙwayoyin halitta sun hayayyafa a cikinsa, abin da ya ƙaru tun da aka fara gauraya dizal na Turai da man tsirrai har kashi 7 cikin ɗari. A lokacin tsananin sanyi kuma, man da aka saya da bazara yana iya yin kauri kamar kakin zuma ya toshe matata. Hanyar da ta fi saurin raba gardama ita ce a tsoma tiyon famfo cikin ƙaramin galan na sabon dizal mai tsabta. Idan hita ta kama, laifin na tanki ne ko na tiyo. Fetur kuwa ba ya shiga hitar dizal ko da ɗigo ɗaya.

Farin hayaƙi mai kauri mai warin ɗanyen mai yana nufin mai ya iso amma bai ci ba. A nan sai a ciro fulogin zafi, a duba 'yar ragar ƙarfen da ke kewaye da shi, wadda ke shan mai ta baza shi don ya kama. A tsohuwar hita ragar kan toshe da baƙin gawayi, kuma canza ta ya fi ƙoƙarin wanke ta. A kula kada a yi ta maimaita kunnawa, domin kowane yunƙuri yana ƙara tara mai a cikin ganga da salansa, kuma yawancin waɗannan na'urori suna kulle kansu idan yunƙurin da bai yi nasara ba ya yi yawa. Baƙin hayaƙi kuma alama ce ta ƙarancin iskar ƙonawa: ko mashigarta ta toshe, ko salansa ta cushe ko ta lotse, ko fanka ta gaji ba ta kai saurinta. Babban abin da ke jawo cushewar gawayi shi ne barin hita tana ci a mafi ƙarancin ƙarfinta kwana da kwanaki. Maganinsa a riƙa ƙure ta na kamar rabin awa lokaci zuwa lokaci, musamman kafin a kashe.

Akwai hitar da ke kamawa da kyau, ta yi 'yan mintuna, sannan ta kashe kanta. Mafi yawan lokuta zafi ne ya yi mata yawa saboda iskar ɗaki ba ta samun wucewa: an jibga jaka ko igiya a gaban mashiga, ko babban tiyon iska ya murƙushe a bayan kabad, ko an rufe dukkan tagogin fitar ɗumi. Dole a bar aƙalla ɗaya da ba a iya rufe ta. Ina roƙon mai jirgi da babbar murya kada ya yarda wani ya haɗe wayoyin sansar zafi, wato na'urar da ke kashe hita idan zafi ya yi yawa, don hita ta daina mutuwa, domin sansar ita ce ke tsakanin jirgin katako ko na roba da gobara a tsakiyar ruwa.

Wanda hitarsa irin mai kasko ce, abu biyu zai riƙe. Kada ya sake kunna ta kaskon yana da zafi, domin tururin man yana iya bugawa. Idan kuma mai ya taru a kasko saboda wuta ta mutu, ya rufe mai, ya bari ta huce, ya tsane man da tsumma kafin ya kawo ashana. Lafiyayyar wutarta ba ta fitar da baƙin hayaƙi, kuma tana buƙatar bututu mai tsabta da kafar shigar iska a buɗe.

Kashe hita mai fanka ma yana da ƙa'ida. A kashe ta da maɓallinta, a bar fanka ta ci gaba da juyawa na 'yan mintuna har ta tsaya da kanta, domin a lokacin ne take sanyaya ganga. Wanda ya yanke wuta daga babban makunnin batir yana barin zafi ya taru a ciki, ya gasa sansa da wayoyi da ƙwaƙwalwa. A kashe ta kafin a sha mai, kuma idan an ɗaure jirgi a duba kada bakin salansa ya kalli balan-balan ɗin da ake ratayawa don kare gefen jirgi, ko igiya, ko tagar jirgin maƙwabci. Idan sanyi ya wuce kuma, kada a yi watsi da ita har wata shida: masu ƙera ta sun ce a kunna ta na kamar minti 10 sau ɗaya a wata, ko da tsakiyar bazara ne, don kada famfo ya maƙale, kada kuma man da ke cikin tiyo ya tsufa ya daskare.