Mai son ganin cikin birnin Kano, ya ajiye mota

Salam jama'a. Duk wanda zai shigo Kano don ganin tsohon gari, don Allah ka ajiye motarka ka taka da ƙafa, lungunan nan ko a daidaita sahu ba ya shiga wasu. Ka fito da sassafe kafin rana ta buɗe, ka sa takalmi mara nauyi, ka riƙe ruwa da 'yan canji.

Ni daga Ƙofar Mata nake farawa, wajen marina, ka ga yadda suke tsoma zane cikin ruwan baba yana fitowa kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi a gabanka. Daga nan sai Gidan Makama kusa da fadar Sarki, gini ne tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki 1463 zuwa 1499, yanzu gidan tarihi ne. In ka shiga soro ka ɗaga kai ka kalli yadda aka jera azara a rufi, ka dafa bangon ƙasar nan ka ji sanyi, wallahi ko fanka babu amma kamar kar ka fita. A waje kuma ka lura da zankwaye a saman katanga da zanen dagi.

Sai Kasuwar Kurmi, nan kam ka nemi ɗan gari ya raka ka don ɓata ba wuya. Hawa Dutsen Dala ka bar shi sai bayan la'asar.

Abu ɗaya, gidajen nan da mutane a ciki, kar ka wuce zaure ba sallama, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki kowa hoto, musamman dattawa da mata.